Gaisuwar da Ta Tsayar da Taɓare

Har gobe ban manta da ranar da manya suka zo duba Hawainiya ba. Ku yaran yanzu kun tarar da ɗakin gwajin nan da sanyinsa da fentinsa, kuna shiga kuna fita kamar tun asali haka aka halicce shi. To ku gyara zama, ni Ilu zan faɗa muku yadda aka yi, kuma wanda ya yi dariya kafin in kai ƙarshe ban yafe ba.

Na shiga aiki a kwalejin nan ina masinja. Karatuna aji huɗu ne na firamare, daga nan ni da hedimasta muka yarda kowa ya ga iyakar kowa. Na daɗe ina kai takarda daga ofis zuwa ofis, har aka ɗaga ni zuwa mai kula da ɗakin gwaji. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, wannan muƙami ne babba: kai ke riƙe makulli, kai ke shara, kai ke hana mutane shiga, in abu ya fashe kuma kai za a fara tambaya.

A shekarun ƙarshe na aikina aka haɗa ni da Dakta Rabi. 'Yar garin Daura ce, ta yi karatu a ƙasar waje, ta dawo da wata na'ura. Madubi ne irin na ƙara girman abu, ɗan'uwan wanda ake duba jini da shi a asibiti, sai dai wannan ya kai injin niƙa girma, kuma idanunsa biyu kowane wurinsa yake kallo daban. Shi ya sa na raɗa masa Hawainiya. Dakta ta ce sunan ba na kimiyya ba ne, amma ba a jima ba ita ma da shi take kira.

Aikin Hawainiya shi ne leƙen ƙwaƙwalwar ɓera yana raye. Ran da na tambayi amfanin haka, Dakta ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba Ilu, ƙwaƙwalwa kamar gari take, unguwa-unguwa. Akwai unguwar gani, akwai unguwar da ke ba ƙafa umarni, kuma da nisa tsakaninsu. Madubin da aka saba da shi unguwa ɗaya yake kallo a lokaci guda. Ni so nake in ga sa'ad da labari ya tashi daga wannan ya isa waccan."

"Wato a tsayar da mutum a Sandamu, wani a Kongolam, kowa da waya a kunne."

"Kusan haka."

"To me ya hana a tambayi ɓeran?"

Ta ce in je in duba ko an kawo wuta.

Ga yadda ake aikin, don kada ku ce ban sani ba. Ɓerayen na musamman ne, an samar da su ta yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu ke yin haske kore in suna aiki. Likitan dabbobi zai sa ɓera barci, a yi masa 'yar taga ta gilashi a ƙoƙon kai, a bar shi ya warke. Ranar aiki a ɗora shi kan wani ɗan gargare yana gudu a wuri ɗaya, an riƙe kansa kada ya motsa, a kashe fitila, a nuna masa zane a allo. A kwamfuta sai ka ga hoto biyu gefe da gefe, kowane na tartsatsi kamar maƙera, sai dai tartsatsin kore ne. Ni ke ba su abinci, ni ke sauya musu shimfiɗa. A gida da takalmi nake gaisawa da ɓera, a ofis kuwa saura kaɗan in ce masa ranka ya daɗe.

Amma Hawainiya aro ce. Masu ita sun ce za su aiko tawaga ta ga ko tana aiki a Daura. In ba ta aiki, a kwance ta a kai babban birni, inda tun farko wasu manya ke cewa ƙaramin gari ba wurinta ba ne. Dakta kuwa ta ƙi aiki mai tsoka a waje don ta yi wannan a gida. In aka ɗauke na'urar, an ɗauke abin da ya dawo da ita.

Bayan an girbe gero, Dakta ta fara ganin abin mamaki. Kullum da hantsi unguwannin nan biyu sai su yi walƙiya tare, dum, dum, dum, a tsare kamar an yi musu horo. Ta yi murna har da saya mini goro. Daga baya murnar ta koma tuhuma, domin a sana'arsu in abu ya cika kyau zarginsa ake yi. Ta cire ɓera, ta sa guntun gilashi mai ɗigon fenti kore a wurinsa. Hantsi na yi, gilashin ma ya fara tunani.

"Dakta, ko dai mu ne muka fara gano gilashi mai hankali?"

"Baba, teburin ne ke motsi."

Ta ɗora kofin ruwa, ruwan ya kama rawa. Ta bi bango da tafin hannu har ta tsaya a na gabas, sannan ta fita waje ta saurara. Daka ake yi. An toshe ɗakinmu kada ƙara ta shiga, amma ba a toshe ƙasa ba, kuma motsin da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya girgiza hotunan biyu lokaci guda.

Bayan katangar nan gidan fura ne. Mai gidan wata Hajiya ce, tsohuwa, rabin unguwa furarta suke sha. Ita ce kuma ta haifi matata.

"Alhamdu lillahi, ashe gida ne," in ji Dakta. "Sai ka je ka roƙe ta su riƙa dakatawa lokacin aikinmu."

Na dubi yarinyar nan na tabbata ta daɗe a waje. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da Hajiya ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, sunanta kuwa ko yau ba za ku ji shi a bakina ba. In na hango ta a hanya nakan tuna ina da uzuri a wata hanyar. Amma umarnin ofis umarni ne. Na je, na tuɓe takalmi, na durƙusa nesa da ƙofarta, na gaishe ta.

"Lafiya dai, Malam?"

"Lafiya lau. Gaisuwa ce kawai."

Na dawo ofis da ƙwaryar fura.

"Me ta ce?" in ji Dakta.

"Ta ce a gaishe ki."

"Maganar dakan fa?"

"Ba mu kai nan ba tukuna. An dai buɗe hanya."

Na gwada bi ta wajen mai ɗakina. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "In je in ce wa uwata ta ajiye sana'arta saboda ɓera? Ɓeran ma na mutane?" Ta yi dariya har da tari.

Ƙarshe Dakta ta ɗauki mayafinta ta je da kanta. Hajiya ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, ta gane kakarta, ta faɗa mata abubuwa game da kakar da ita kanta ba ta sani ba. Sannan ta ce ba za ta tsayar da turmi saboda abin da ba ta gani ba, sai a nuna mata.

Washegari ta zo, ta bar wa 'yanmatanta umarnin su fara daka bayan fitarta. Ɗakin Hawainiya ƙarami ne, kuma doka ta ce mai kula ya tsaya ciki bakin ƙofa. Na manne da bango na yi iyakar ƙoƙarina in zama bango. Aka kashe fitila.

"Wa ke numfashi a can baya?" in ji Hajiya.

"Baba Ilu ne."

"A ce masa ya huta, ba na gani a duhu."

Hotunan suka fara tsalle. Hajiya ta matso da fuska kusa da kwamfuta, ta kalla, ta yi tsaki.

"Wannan hannun yarinyata Talatu ne. Na sha faɗa mata ta daina jinkirta bugu na uku."

Da 'yanmatan suka tsaya hutawa, hoto ya natsu. Dakta ta nuna wa ɓera zane. Gefen hagu ya yi tartsatsi, ƙiftawar ido na dama ya amsa, ɓera ya zuba da gudu.

"Wato can aka gani, nan aka ce a gudu."

"Haka ne, Hajiya."

Ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah. Namu ma haka yake?"

"Haka yake."

"Na wasu dai a hanya saƙon ke kwana."

Ban numfasa ba. A nan aka ƙulla magana: a yi daka da sassafe, a ci gaba bayan azahar, amma daga hantsi zuwa azahar turmi ya huta. Hajiya ba ta taɓa saɓawa ba, aiki ya yi kyau.

Sai ranar tawaga ta zo, kuma ta faɗo daidai jajiberin suna a gidan Hajiya, domin matar jikanta ta haihu. Ba mu damu ba, tunda akwai alkawari. Baƙin suka makara wajen gaisawa da shugaban kwaleji, rana ta ɗaga sosai kafin su iso wurinmu. Jagoransu wani Farfesa ne dogo siriri, mai fuskar wanda ya gama yanke hukunci tun a mota. Na ba kowa silifas ɗin ɗaki da rigar gwaji, aka ɗora ɓera, aka kashe fitila.

Dakta ta fara bayani ke nan hotunan biyu suka haukace. Wannan ba dum-dum ɗin Talatu ba ne. Lugude ne, irin wanda mata ke taruwa kan turame suna karɓa-karɓa, a jefa taɓarya sama a yi tafi a cafe. Ƙwaƙwalwar ɓeran nan ta koma dandalin biki.

"Wannan fa?" in ji Farfesa.

Da ni ne, da na ce ɓeran ne ke murnar ganin manya. Dakta kuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ƙwaƙwalwa ba ce, turmi ne a maƙwabta. Na san shi, na auna shi, muna kuma da yarjejeniya da mai shi."

"Yarjejeniya da turmi," in ji shi, a hankali, kamar mai ajiye magana don gaba.

Ku sani ba a barin ɓera ya daɗe kan gargaren. In ya gaji sai a sauke shi sai gobe, su kuma baƙin a ranar za su juya. A cikin duhun Dakta ta ce, "Baba Ilu." Ba ta ƙara komai ba, muryar ce ta ƙarasa.

Na fita, na zaga katanga da saurin da ban san ina da shi ba. Na yi sallama a zaure har maƙogwarona ya bushe, ba wanda ya ji. Na yi bisimilla na shiga.

Tsakar gida cike take da matan Baure, dangin mai jego, sun zo gudummawar dakan suna, har da aron turame daga maƙwabta. Shugabarsu wata Gwaggo Asabe ce, damtsenta kamar na maƙeri. Hajiya na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, fuskarta kamar mai ciwon haƙori. Nan na gane ita ma an ɗaure ta. Waɗannan surukan gidanta ne, sun taso tun daga Baure don su taimaka. In ta ce su ajiye taɓarya, ta ce ba ta son gudummawarsu ke nan, kuma za a riƙa maganar har jaririn ya yi aure. In ita ba ta iya ba, ina ga ni?

Abin da na iya shi na yi. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Barka da hantsi, Hajiya."

Wata daga cikin 'yan gidan ta ce, "Ku dakata, surukin gida ne." Taɓare suka sauka, mata suka ja mayafi, gida ya yi tsit. A cikin tsit ɗin nan abu ya faɗo mini: muddin ina durƙushe ina gaisuwa, ba macen da za ta ɗaga taɓarya a kaina. Ba da wannan dabara na shigo ba, a ƙasa na tsince ta.

Na tambayi gajiya, na tambayi gida, na tambayi mai jego da jariri, na yi barka, na yi Allah ya raya. Abin haushi, gaisuwar da aka gada gajeriya ce, nan da nan ta ƙare. Ta gefen ido na ga hannun Gwaggo Asabe yana komawa kan taɓarya. Sai na juya gare ta.

"Baƙinmu na Baure, sannunku da hanya. Yaya kuka baro gida?"

"Lafiya lau."

"Yaya geron bana?"

"Mun gode Allah."

"Wake fa? Tsutsa ba ta taɓa shi ba?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na gaida mazajensu, na gaida 'ya'yansu, na gaida shanu, na gaida rijiyar garin. Wata ta ambaci jakinsu ya yi targaɗe, na riƙe jakin nan ban sake shi ba sai da na ji wace ƙafa ce, wa ya ɗora, da me aka shafa. Gwiwoyina suka fara zafi, daga baya suka daina, wannan kuma ya fi ba ni tsoro. Har na kai inda babu sauran abin gaisarwa a Baure, mai rai ko marar rai.

Sai Hajiya ta yi gyaran murya. Matar da tun aurena maganarta da ni ba ta wuce lafiya lau da a gaida gida ba.

"Malam, ina labarin ƙanen babanka na Sandamu?"

Mutumin nan ya daɗe da rasuwa, kuma da ita aka yi zaman makoki.

"Ai Hajiya, Allah ya yi masa rasuwa."

"Allah ya ji ƙansa. Ku yi masa addu'a." Mata suka ɗaga hannu, aka shafa. "Me ya same shi? Faɗa wa baƙi, ba su sani ba. Ka faro daga farko."

Na faro daga haihuwarsa. Ina tsakiyar zuwansa aikin hajji Gwaggo Asabe ta ji tausayina.

"Bawan Allah, ga tabarma, zauna mana."

Na san in na zauna na zama baƙon hira, aiki kuma ya ci gaba. Amma gwiwoyina sun riga sun karɓi tayin. Kafin in motsa, Hajiya ta ce, "Ba ya zama a gabana. Haka yake, duk yadda aka yi da shi."

Mata suka yi ta jinjina kai. Wata ta ce irin waɗannan sun ƙare a duniya. Ni ma a raina na ce saura kaɗan wannan ɗin ma ya ƙare.

Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na dai san inuwar katanga ta janye ta bar ni a rana, kuma na binne baffana na koma kan rabon gonarsa, sannan na ji sallamar Dakta. Ta shigo, ta durƙusa gaban Hajiya, ta yi barka, ta raɗa mata magana a kunne. Ban ɗaga kai ba, amma na ga yatsun ƙafarta suna rawa cikin takalmi. Hajiya ta gyaɗa kai, ta juyo.

"To Malam, tashi ka koma bakin aikinka. Ka tsayar mana da daka."

Na ce to. Na aika wa ƙafafuna umarni, ba su amsa ba. Na sake aikawa. Namiji ba wanda ke kusa, mace kuwa ba ta kama surukin gida. Ƙarshe Gwaggo Asabe ta miƙo mini taɓaryarta, na dogara da ita na miƙe, na fita da baya-baya ina godiya. Ina kaiwa zaure lugude ya ɓarke.

A hanya Dakta ta ba ni labari. Hoto na natsuwa ta nuna wa ɓera zane, hagu ya haska, dama ya amsa, ɓera ya gudu. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, har Farfesa da kansa ya ja kujera kusa ya ce a ƙara. Ya tambayi yadda aka tsayar da turamen, ta ce akwai jami'in da ke kula da wannan fannin. Kafin su tafi ya ce abin da ya gamsar da shi ba kyan hoton ba ne kawai, a'a, ta san hasken ƙarya da na gaskiya, kuma ta faɗa a gabansa ba ta ɓoye ba. Hawainiya ta zauna a Daura. Daga baya ma suka aiko tebur mai zama kan iska, wanda ƙasa ba ta iya girgizawa, Hajiya ta koma daka lokacin da ta ga dama.

Abin da na koya a sana'ar nan, ku riƙe shi: ganin haske ba shi ne aiki ba, kowa na iya gani. Aikin shi ne ka tambayi abin da ya kawo hasken, ko da amsar za ta rage maka murna. Na biyu, na'ura komai tsadarta a kan ƙasa take zaune, ƙasar nan kuwa da maƙwabta kuke raba ta, don haka ku san su kafin ranar da za ku buƙace su.

Na uku kuma nawa ne ni kaɗai. Matan nan sun koma Baure sun baza labari cewa a duk ƙasar Daura babu suruki mai ladabin Ilu. Tun daga lokacin ba a suna ko biki a dangin matata ba a aiko mini ba, kuma ina isa sai su jeru, kowace na jiran nata kason, har da mai jakin. Sauran mazan da suka auri 'ya'yan gidan sun daina yi mini magana, domin kullum da ni ake yi musu misali. Dakta ta samu na'urarta, ɓera ya samu hutunsa, ni kuma na samu sunan da ba ni da gwiwar riƙe shi. Asabar mai zuwa ma akwai suna, kuma an ce Gwaggo Asabe ta gayyato ƙawayenta su zo su gani da idonsu.